Jakar da Ta Kwashe Unguwarmu

Ni ne ɗan fari a gidanmu, wato ni ne mutumin da babu shi. Wanda bai san gidan Fulanin Yola ba zai ɗauka wasa nake yi. Baaba bai taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifinsa aka sa mini, kuma ko ba don haka ba, mutum mai kunya ba ya nuna wa duniya ya san ɗansa na fari. In yana son buta sai ya dubi bango ya ce, "A kawo buta." Bangon ba ya motsi, sai ni in tashi. In muka haɗu a hanya yakan ɗaga kai sama kamar mai duban jinjirin wata da tsakar rana. Daada, mahaifiyata, ma haka take. A bakinta ni ne "wancan", ranar da na yi laifi kuma "wancan ɗin nan". Ƙannena kuwa ana kiransu da suna har da na shagwaɓa. A Fulatanci semteende ake ce wa wannan hali. Ban taɓa jin haushinsa ba, don na gano da wuri cewa yaron da ba a kallonsa yana iya yin abubuwa da yawa kafin a lura.

Ina aji uku a firamare aka yi gudun hijira. Mutanen arewacin jiharmu suka cika Jimeta, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa ta kan duwatsu. Kowane gida a Nassarawo, inda aikin gwamnati ya zaunar da Baaba, ya samu baƙi. Tsoro ma ya zo tare da su, ya kama ɗaki bai biya haya ba. A ƙofar masallaci ana lalube mutum, a ƙofar coci ana lalube shi, a kasuwa kuwa har buhun gawayi sai an zazzage. Ranar da tayar wata mota ta fashe a bakin titi, na ga wani alhaji mai tumbi ya shige ƙarƙashin teburin mai shayi, ya miƙe da teburin a bayansa kamar kunkuru. An yi ta faɗa a rediyo da majalisa cewa duk wanda ya ga jaka a yashe babu mai ita, kada ya taɓa, ya kira jama'a.

A cikin baƙin akwai wanda muke kira Koci. Malamin wasanni ne a wata sakandare ta wajen Michika. Ya fara zama a sansanin Damare da matarsa da ɗansa, daga baya wani ɗan cocinsu ya ba shi ɗaki a bayan layinmu. Dogo ne siriri, abin da ya fito da shi daga garinsu rigar jikinsa ce da usur a wuya. Ɗansa sa'ana ne, kuma ba ya magana. Ba kurma ba ne. Tun da suka kwana a dawa bakinsa ya rufe. Na gwada duk dabarata a kansa, na yi masa kukan jaki, na kwaikwayi tafiyar hedimasta, ya dube ni kamar yana kallon tukunya.

Koci ya ga yara suna ta gantali, mu 'yan unguwa muna tsokanar 'yan gudu, su kuma suna tsaye a inuwa suna kallon ƙasa. Ya je gaban Jauro, mai unguwarmu, ya roƙi kangon filin da ke bayan firamare. Jauro ya ce a yi, amma daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Koci ya tara mu ya raba, kuma bai yarda 'yan gida ɗaya ko 'yan addini ɗaya ko 'yan gari ɗaya su taru a ɓangare guda ba. Hausarsa irin ta can ce, komai namiji ne a bakinsa.

"Ƙwallon nan bai san garin kowa ba," in ji shi. "Wanda ya tsaya yana tambaya, zai wuce shi."

Ni ya kalle ni na ɗan lokaci ina ta surutu, ya ce, "Kai, bakinka ya fi ƙafarka gudu. Je ka tsaya a raga ka yi ta magana." Haka na zama gola.

A wannan filin ɗan Koci ya fara magana. Wata rana wani mai son kai ya riƙe ƙwallo yana ta yanka, shi kuma yana tsaye shi kaɗai a gaban ragata, sai kawai muka ji wata murya kamar ta tsohuwar ƙofa ta ce, "Ba ni." Wasa ya tsaya cak. Koci ya juya mana baya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Tun daga ranar yaron bai sake yin shiru ba, yanzu ma shi ne kyaftin ɗinmu kuma har alƙalin wasa yana roƙonsa ya huta.

Matsalarmu ɗaya ce, sandunan raga. Mutane sun ninka, itacen girki ya yi wuya. Duk sandar da muka kafa da yamma, kafin gari ya waye ta dafa wa wani kunu. Sai Koci ya ce a riƙa ajiye jakunkunan makaranta a madadinsu, kowane gola ya ba da tasa a gefe ɗaya, wani ya ba da ta ɗaya gefen. Tawa baƙa ce, Baaba ya samo ta a wani taron ofis, rubutun jikinta ya goge tuntuni. Ita ce sandar hagu. Littattafai kaɗan ne a cikinta, don a lokacin ni injiniya ne. Ina haɗa fanka da motar tsohuwar rediyo, saboda haka cikinta duk batir ne da wayoyi ja da baƙi, zif ɗin kuma ya lalace, kullum sai wata waya ta leƙo waje.

Ranar da abin ya faru an ba abokan karawarmu fenariti ana dab da tashi. Ɗan Koci ne zai buga. Na tsaya ina gaya masa cewa kakata ma ta fi shi ƙafa. Ya buga, na tashi sama ta dama na yi wani irin shawagi da har yau ba a sake ganin irinsa a Adamawa ba. Ƙwallo ta shiga ta hagu. Wandona kuma ya yage daga ƙugu har ƙasa, da ƙarar da na tabbata masunta a tafkin Njuwa sun ɗaga kai. Zafin Yola ya sa ban sa komai a ciki ba. A daidai lokacin 'yan matan Islamiyya suka ɓullo a layi da allunansu, kamar an aika musu da katin gayyata.

Na tashi na dafe bayana da hannu biyu na bi gefen katanga da baya da baya har gida. Ina shiga hadari ya taso da iska, aka kira magariba, yara suka watse a guje. Koci yakan zagaya filin kafin ya tafi, amma ranar ruwa ya kore shi. Kowa ya ɗauki jakarsa. Tawa ta kwana tana tsaron raga.

Na tuna da ita ana cin tuwo. A shekarun nan yaro ba ya fita bayan magariba, ko gidan ne ke ci da wuta sai ya nemi izini. Na ce zan je da asuba kafin kowa ya tashi. Da asuba na yi salla da ido ɗaya na koma tabarma.

Hayaniya ce ta tashe ni. Daada ta goya autanmu, tana jan sauran, tana cewa, "Wancan ya tashi, an ce a fita." Mai ƙosai da ke kafa murhunta a gefen filin ce ta ga baƙar jaka a tsakiyar fili, waya ta leƙo daga bakinta. Ta bar kaskonta a wuta, ta gudu da takalmi ɗaya tana salati. Kafin rana ta ɗaga, 'yan banga sun bi gida gida sun fitar da kowa zuwa bakin titi. Na ga tsohuwar da aka ɗauko a baro. Na ga mutumin da ya fito da kumfar sabulu a kunne, rungume da talabijin. An hana 'yan makaranta shiga, masu shaguna sun rufe, mafarauta sun zo da layu da bindigogin toka, daga baya motar jami'an tsaro ta iso.

Gaskiya ni daɗi nake ji. Ba makaranta, ga kallo kyauta. Na kutsa ta tsakanin ƙafafun manya har na isa ƙofar gidan Jauro, inda aka ja igiya, daga nan ana hango filin can nesa.

Abin da na fara gani ba jakar ba ce. Koci ne zaune a ƙasa, a cikin taɓon ruwan jiya, ba takalmi, hannayensa a kan gwiwa. 'Yan banga biyu suna tsaye a kansa da gora. An cire masa usur ɗinsa, yana hannun wani. Mutane suna magana a kansa kamar ba ya wurin.

"Shi ne ke tara yara a filin kullum."

"Wa ya san shi? Daga can fa ya zo."

"Ai Kirista ne."

"To, an rubuta a goshi? Kowa yana iya cewa shi kaza ne."

"Ni dama tun farko ban yarda da wannan ƙwallon ba."

Wanda ya faɗi ta ƙarshen, 'ya'yansa uku suna cikin ƙungiyarmu, shi kansa yakan zo ya tsaya a gefe yana koya mana yadda ake buga kwana. Babban jami'in, wani kakkaura da ba ɗan garin ba, ya ce wa Jauro in masu duba jakar sun gama, ko me aka samu, za su tafi da mutumin a yi masa tambayoyi. Kowa ya san wanda aka tafi da shi a lokacin ba ya dawowa cin abincin rana. Ko ya dawo ma, unguwar da ta nuna shi da yatsa ba za ta sake ba shi ɗaki ba. Matarsa tana durƙushe a gefe. Ɗansa yana tsaye a bayanta, bakinsa a rufe, da irin idon nan na da.

Sai na ɗaga kai na dubi filin. Wata baƙar aba tana zaune daidai inda sandar hagu take zama.

 Na ji kamar an zare mini ƙasusuwa an bar fata a tsaye. Na duba hagu da dama, na hango Baaba a cikin dattawa, da farar riga da hula, ya harɗe hannu a baya. Kusa da shi Modibbo ne, limamin masallacinmu, da Bappa, yayan mahaifin Baaba, wanda ya zo daga cikin Yola duba asibiti ya kwana a gidanmu. A gaban Bappa, Baaba ko ruwa ba ya sha.

Na je na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na kama gefen rigarsa na ja.

Ya dubi saman kaina.

"Baaba," na ce, "jakar can tawa ce."

 Na ɗauka bai ji ba, na buɗe baki zan maimaita, sai na ga ya juya. Ya dubi filin, ya dubi Koci a cikin taɓo. Sannan ya taka zuwa gaban igiya, ni kuma na bi shi da rigar a hannuna don na manta yadda ake saki.

Ya gaida Jauro da Fulatanci, ya juya ga jami'in. "Ranka ya daɗe, jakar nan ba ta wannan bawan Allah ba ce. Ta yaron gidanmu ce."

"Wane yaro?"

Baaba ya nuna wajen da nake da haɓarsa, ba tare da ya kalle ni ba.

"Yaron aikinka ne?"

"A'a."

"Ɗan gudun hijira ne ka ajiye?"

"A'a. Na gida ne."

"Malam," in ji jami'in, "mutum ɗari nawa ne a titi saboda jakar nan. Ina tambayarka kana zagaye. Mene ne tsakaninka da yaron?"

Duk wanda ke wurin ya san amsar. Jauro ya buɗe baki zai taimaka, jami'in ya ɗaga masa hannu, ya ce daga bakin mai maganar yake son ji, don shi zai tsaya wa yaron. Modibbo ya shiga jan carbi da sauri. Bappa ya samu wani abin sha'awa a kan yatsan ƙafarsa. Na ga gumi ya fito daga ƙarƙashin hular Baaba ya bi gefen kunnensa.

"Ɗana ne," ya ce, a hankali kamar mai gaya wa ƙasa sirri.

"Ban ji ba."

"Ɗana ne. Na fari."

"Sunansa?"

Ya faɗa. A gaban Bappa, a gaban unguwa, ya faɗi sunan mahaifinsa da bakinsa. Ni kaina sai da na waiwaya in ga wa ake nufi. Na sha tunanin ranar da zan ji wannan sunan daga gare shi. A tunanina ranar na ci kofi ne, an ɗaga ni sama, ko na zama gwamna. Ban taɓa kawo cewa zan ji shi ina tsaye da majina a hanci da wandon ƙanena ba.

Jami'in ya sunkuyo kaina. "In taka ce, faɗi abin da ke ciki. Da ƙarfi, kowa ya ji."

"Batir. Da waya. Da motar rediyo."

"Na me?"

"Fanka nake haɗawa."

"Sai me?"

"Littafin lissafi."

"Sai me?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce in ban faɗa duka ba, abin da aka samu daban zai zama hujja a kan mutumin can.

"Nama," na ce.

"Wane irin nama?"

"Soyayye. Na layya."

Daga can bayan taro, wajen mata, na ji muryar Daada ta ce, "Allah sarki kyanwa." Tun bayan Babbar Salla naman da ta adana a gwangwani yake raguwa, kuma kyanwar maƙwabta ta sha jifa da muciya saboda shi.

"To me ya sa ka bar ta a fili?"

Nan kam na roƙi Allah ya sa jakar ta zama bom ɗin gaske, ta tashi da ni kaɗai. Ba ta tashi ba. Na ce, "Wandona ne ya yage." Wata 'yar Islamiyya ta ce, "Wallahi gaskiya ne, mun gani," sauran suka ba da shaida ba tare da an nema ba.

Masu duba jakar suna ta shirya kayansu, sai Baaba ya ɗaga igiyar ya wuce ta ƙarƙashi. An ce masa ya tsaya, ya ce jakarsa ce ta ofis, ya san ta. Ya taka filin nan shi kaɗai, da farar rigarsa, taɓo yana kama masa takalmi, unguwa gaba ɗaya ta riƙe numfashi. Ya tsuguna ya buɗe. Ya ɗaga batir sama don a gani. Ya ɗaga wayoyi. Ya ɗaga fankata mai fukafukan gwangwanin madara. Daga ƙarshe mutumin da ko a biki ba a taɓa ganin yana tauna ba ya ɗaga baƙar leda mai maiƙo, ya juya ta hagu da dama, a gaban duniya.

Dariya ta ɓarke. Irin dariyar mutanen da suka gama jin tsoro ce, har da masu hawaye, har da masu zama a ƙasa. Jami'in ma ya yi, ya ce a ba shi tsoka ɗaya ladan aiki. Mai ƙosai ta tuna da kaskonta ta kwasa a guje. Kowa ya juya ya nufi gida yana maimaita labarin ga wanda suka kalla tare.

A cikin wannan dariya Koci ya miƙe. Ba wanda ya ce masa ya tashi, ba wanda ya miƙa masa hannu. Bayan wandonsa duk taɓo. Ɗan bangan da ke riƙe da usur ya miƙa masa yana kallon wani wuri. Ya karɓa ya sa a aljihu, bai rataya ba. Ya nemi takalminsa, ya kama hannun ɗansa, suka bi gefen kwata suka tafi, matarsa a baya. Mutane suka buɗe musu hanya sosai, fiye da yadda ake buƙata.

A gida na shirya shan duka har na ƙara wando. Ba a taɓa ni ba. Baaba ya ajiye jakar a ƙofar ɗaki ya ce wa bango, "A ɗauke wannan." Ya daina zuwa majalisar ƙofar Jauro na wani lokaci, don da ya doso taubasansa za su dafe kunne su ce, "Ban ji ba." Bappa ya koma Yola a ranar, ya ce asibitin ya jira. A makaranta sunana ya koma Bom, har malamai, har yau.

La'asar ta yi muka je fili, Koci bai zo ba. Washegari ma haka. Muka gwada bugawa mu kaɗai, kafin a je ko'ina an raba ƙungiya 'yan gari da 'yan gudu, an tashi da fasa baki. Ɗansa ya daina fitowa. Aka ce an ga Koci ya je Damare yana tambaya ko akwai sauran wuri a sansani.

Unguwarmu ba ta iya cewa yi haƙuri ba, sai dai ta dafa. Kwanuka suka yi ta tafiya bayan layinmu, tuwon masara, kifin Njuwa, kindirmo, ƙosai kyauta kowace safiya. Mutumin da ya ce dama bai yarda da ƙwallo ba ya aika da sabuwar ƙwallo. Jauro ya sa mai walda ya haɗa raga ta ƙarfe aka kafa da siminti. Matar Koci tana karɓar kwano, ta wanke, ta mayar, ta yi godiya. Ragar ƙarfe ta tsaya awaki suna sosa jiki da ita.

Wata yamma Baaba ya sa hularsa ya ce wa bango, "A biyo ni." Muka tafi, shi a gaba ni a baya. Koci yana zaune a kan benci a ƙofar ɗakinsa, kayansu a ɗaure a buhu biyu a bayansa. Ya tashi zai ba Baaba bencin, Baaba ya tsuguna a ƙasa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi ruwa, aka sake tambayar gida.

Sannan Baaba ya ce, "Malam, mun ci amanar baƙunta. Ni ma ina wurin a tsaye tun da aka zaunar da kai, ban ce komai ba sai da aka ja mini riga."

Koci ya daɗe yana murza hannu. "Na gudu daga masu bindiga," ya ce, "ban ji kunya ba. Ranar nan yarona ya ga babansa a ƙasa."

Baaba ya sunkuyar da kai. Ni kuwa da akwai ramin gyare kusa da na shiga.

"Yaran suna faɗa," in ji Baaba. "Jiya an fasa wa wani baki."

"Na ji."

"Wannan ma," ya nuna ni da haɓa, "tun ranar ba ya surutu. Gidan ya zama kamar maƙabarta."

Koci ya dube ni, gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Wannan ya yi shiru? To lallai duniya ya kusa tashi." Sannan ya ce zai yi tunani. Baaba ya ce, "Useko," wato ya gode, muka tashi.

Ranar Asabar bayan la'asar muna zaune a gindin ragar ƙarfe muna jifan awaki, sai ga shi tafe da ɗansa, usur a wuya, da wata 'yar jaka a kafaɗa. Muka tashi da ihu muka yi kansa. Ya ɗaga mana hannu mu dakata. Ya tsaya a bakin filin, daidai inda mai ƙosai da masu zaman benci za su gan shi, ya sauke jakar, ya buɗe ta sosai, ya fito da abin da ke ciki ya jera a ƙasa. Famfon hura ƙwallo, bandeji, ruwan leda. Ya kife jakar ya girgiza. Mai ƙosai ta ce, "Haba Koci, wa ya tambaye ka?" Ya yi murmushi ya mayar da kayan, ya hura usur.

Bai koma Damare ba. Da hanya ta buɗe ma ya je ya ga garinsu ya dawo, ya ce yaransa suna nan. Yanzu muna da riguna iri ɗaya, muna zuwa wasa har Girei da cikin Yola, ni ne dai gola, tsawona ya kusa kai sandar sama. An daina lalube mutane a ƙofar masallaci, yaran da ke zuwa filin yanzu ba su san an taɓa yi ba. Amma kullum Koci ya iso sai ya tsaya a wannan wurin ya buɗe jakarsa ya jera kayansa a ƙasa. Ƙananan sun ɗauka wani sashe ne na atisaye, wasunsu har sun fara zazzage nasu jakunkunan a gefensa. Masu zaman benci sukan shiga duba waya. Ni nakan tafi can raga ta nesa in yi ta gyaran safar hannu har sai na ji usur.